Ɗanka ya ci konkur ɗin soja: ya ci gaba da buga ƙwallo ko ya rataye takalmi?



Wani dattijo ne ya tare mu da tambaya bayan la'asar, a bakin shagonsa. Ɗansa ya gama lise, ya ci bak, ya zauna konkur ɗin shiga makarantar soja, sunansa kuma ya fito. Saura ƴan makonni a kira su. To amma yaron shi ne mai ci wa unguwarsu ƙwallo a gasar dogon hutu, wadda matasa ke kira TGV, kuma sun kai kusa da ƙarshe. Uban ya ce ya ajiye takalmi. Yaron ya ce: "Baba, shekara huɗu muna tare da yaran nan. Yanzu da aka zo wurin sai in zame? Da wane ido zan kalle su?" Uwar kuwa ta ce ko kwata ba ta so ya tsallake har ranar tafiyarsa. Gida ya ɗauki zafi. Dattijon ya dube mu ya ce: "Ku da kuke karance-karance, a cikinmu wa ya fi gaskiya?"

Tambayar ba ƙarama ba ce. Gefe guda akwai aikin rayuwa da albashi da sunan gida. Ɗaya gefen akwai amanar abokai, da wasan da yaro ya tashi da shi, wanda shi ne ma ya gina masa jikin da ya ci gwajin gudu da shi. Akwai ƙasar da iyaye ke yin wannan gardama kowace shekara, kusan a watanni ɗaya, wato Amurka. Bari mu leƙa can tukuna, don a can lissafin ya fi fitowa fili, sannan mu dawo gida.

Amurka na da manyan makarantun horar da hafsoshi. West Point ta sojan ƙasa an kafa ta a 1802 a jihar New York, ta sojan ruwa a Annapolis a 1845, ta sojan sama kuma a jihar Kolorado a 1954. Karatun shekara 4 ne kyauta, har da ɗan alawus a wata. Wanda ya gama yana fitowa da digiri da galon ƙaramin hafsa, sannan ya yi wa ƙasa aiki aƙalla shekara 5. Shigar ce mai wuya. A West Point kaɗai, sama da matasa 10,000 ke nema a shekara, ana ɗaukar wajen 1,200. Galibi sai ɗan majalisar dokoki ya tsaya wa yaro ya miƙa sunansa. Ana duba makinsa na makaranta, a yi masa gwajin ƙarfi kashi 6, ciki har da gudun mil ɗaya, wato mita 1,600 da ƴan kai. Sannan ga bizit ɗin likita, wanda wata hukuma ta ma'aikatar tsaro mai suna DoDMERB ke kula da shi. Akwai kuma iyakar shekaru: daga 17 ake fara ɗauka, wanda ya riga ya wuce ranar cikarsa 23 a 1 ga Yuli na shekarar shiga, ƙofa ta rufe masa.

Takardar karɓa galibi tana zuwa tsakanin Janairu da Afrilu, yaro yana ajin ƙarshe na lise. Ranar shiga kuwa sai ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. A watannin da ke tsakani ne gasar makarantu ke kan ganiyarta: ana ƙarasa kokowa da ƙwallon kwando, a shiga guje-guje da besbol da lakros, wani wasa na sanda mai yawan bangaza. Ita kuma takardar da sharaɗinta: ka zo da lafiyar da aka auna ka da ita. Duk abin da ya sami yaro bayan bizit, karaya ce ko tiyata ko buguwar kai, wajibi ne ya sanar da hukumar. Ranar shiga ana sake dubawa, daga nan a faɗa horon farko na wajen mako 6, gudun asuba, hawa da tsalle, a West Point ma a rufe da tafiyar ƙasa ta wajen kilomita 20 da jaka a baya. Wanda ya zo yana dogara sanda ba zai iya ba. Gida ake mayar da shi, kuma sau da yawa sai ya sake neman shiga a baɗi.

Shi ya sa iyayen can suka rabu biyu, kamar gidan dattijon namu. Wasu na cewa: an sha wahalar shekaru kafin a samu wannan takarda, kofin makaranta kuwa nan da ƴan shekaru an manta wanda ya ɗaga shi, to don me za a ɗora babba a kan ƙarami? Wasu kuma na cewa makarantun nan ƴan wasa suke nema. Mafi yawan waɗanda ake ɗauka sun yi wa lise ɗinsu wasa. Tun zamanin da Janar Douglas MacArthur ya shugabanci West Point, daga 1919 zuwa 1922, aka wajabta wa kowane ɗalibi shiga wasanni. Suna cewa yaron da zai jagoranci sojoji gobe bai kamata darasinsa na farko ya zama barin abokai a tsakiyar hanya ba. Suna ƙarawa da cewa tsautsayi bai san fili ba, mutum kan karye a matakalar gidansu.

Masu wannan ra'ayi na biyu sukan kawo labarin Dwight Eisenhower. Ya shiga West Point a 1911, ya yi suna a ƙwallon Amurka irin ta bangaza, a 1912 ya ji ciwo a gwiwa cikin wasa, ya sake fama ciwon wajen atisayen hawan doki, wasansa ya ƙare daga nan. Da lokacin fita ya zo a 1915, sai da likita ya yi jinkiri kafin ya yarda a ba shi galo saboda gwiwar nan. Mutumin da ya jagoranci sojojin ƙawance a Turai a yaƙin duniya na biyu, ya zama shugaban Amurka daga 1953 zuwa 1961, saura ƙiris gwiwa ta hana shi aikin soja. Sai su ce: kun gani, ciwo bai hana shi ba.

Mu a wurinmu labarin wani abu dabam yake nunawa. Eisenhower ya ji ciwo yana ciki. Makaranta ta riga ta san shi, ta kashe kuɗi a kansa, tana da likitocin da za su duba shi da shekaru uku na jiran gwiwar ta lafa. Yaron da ya ji ciwo yana bakin ƙofa ba ya da ko ɗaya cikin waɗannan. Sunansa ne kawai a takarda, kuma a bayansa akwai layin masu jira. Ciwo ɗaya, amma farashinsa ya bambanta bisa ga ranar da aka ji shi. Nan ne muke ganin iyaye da yara ke kuskuren lissafi. Ana ta gardama kan ko yaro zai ji ciwo ko ba zai ji ba, abin da babu wanda ya sani. Abin da za a iya sani shi ne: in ya ji, kwana nawa zai ɗauka ya warke, kuma kwana nawa suka rage a kira shi?

Ga lissafin yadda likitocin ƙashi ke yin sa. Ƙaramin targaɗen idon sawu kan lafa cikin mako ɗaya zuwa uku, babba kan kai mako shida ko fiye. Karayar allon wuya tana cin mako shida zuwa wata uku. Karayar ƙwauri wata uku zuwa shida. Gocewar kafaɗa ga matashi tana yawan dawowa, in aka yi tiyata kuma watanni ne. Babbar ita ce jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki, wadda masu kallon ƙwallo suka sani da ligaman kurwaze. In ta tsinke, bayan tiyata sai an yi wata tara zuwa shekara kafin a koma gudu da juyi yadda ya kamata. Yawancin tsinkewarta ma ba duka ke kawo ta ba: mutum na gudu ya taka burki ya juya, ko ya yi tsalle ya dira a karkace. Ƙwallon ƙafa da ta kwando sun fi kawo ta, kuma ta fi kama ƴan mata, waɗanda su ma makarantun can suka fara ɗauka tun 1976. Sai buguwar kai, wadda ba ta barin tabo a gani amma likitan soja yana tambayarta.

Ɗora wannan kan kalanda. In saura wata shida, targaɗe ba komai ba ne, karayar allon wuya ma za ta warke, gwiwa ce kawai abin tsoro. In saura mako shida, kusan duk abin da muka lissafa ya isa ya hana yaro tafiya. Wasan da ya dace a buga a watan farko bai dace a buga shi a makon ƙarshe ba, ko da fili ɗaya ne da abokan hamayya ɗaya. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma muna da makarantunmu: EFOFAN mai horar da hafsoshi, ENSOA ta Agadas mai horar da su-ofisiye, da Prytanée ta Yamai mai ɗaukar yara tun suna ƙanana, ban da konkur na jandarma da gardi da ƴan sanda. Duka da gwajin gudu da bizit ɗin likita da iyakar shekaru, duka kuma da wannan jira tsakanin fitowar suna da ranar kira. Amma sikelinmu ya fi na Amurka nauyi ta wajen taka-tsantsan, kuma dalilan kowa ya san su.

Na farko filin. Yaron can yana buga wasa a ciyawa, da alƙali mai horo, da mai duba rauni a gefe. Namu yana bugawa a rairayi ko jar ƙasa mai tsakuwa da ramuka, lokacin damina ga santsi, da yawa babu abin kare ƙwauri, wasu da takalmin roba. In an kai kusa da ƙarshe kuwa kun san yadda wasan unguwa yake: ƴan kallo har cikin fili, mai tsaron baya an ce masa kada ya bar lamba tara ya wuce ko ta halin ƙaƙa. Na biyu magani. Karaya ana iya ɗora ta a manyan likitocin jihohi, amma gyaran jijiyar gwiwa aiki ne na ƙwararru da kuɗi mai yawa, galibi sai an dangana da Yamai ko waje. Gidaje nawa ne za su iya? Na uku dama. Yaron Amurka da ya rasa West Point yana da jami'o'i barkatai, wasu ma da tsarin horar da hafsoshi a cikinsu. Namu kuwa wataƙila sai da aka sayar da tunkiya aka haɗa dosiye da kuɗin mota, wataƙila wannan ne zamansa na biyu ko na uku, shekarunsa na dab da iyaka, kuma ƙanne biyar na kallon albashin da bai fara karɓa ba.

Saboda haka ra'ayinmu a fili yake. Yaron da sunansa ya fito, kuma ranar kira ta rage ƙasa da wata uku, ya janye daga gasa mai bangaza: ƙwallon TGV, kokowa, dambe, langa, duk wasan da wani zai faɗo masa ko ya murɗe shi. In da sauran wata biyar ko shida kuma gasar makaranta ce mai tsari, yana iya ƙarasa ta, ya sa ranar da zai tsaya tun yanzu, ya faɗa wa kowa. Masu gudu da tsalle da wasannin da babu haɗa jiki su ci gaba abinsu.

Amma fa ba mu tare da uwar da ta ce ya zauna a ɗaki. Wannan ma haɗari ne, har ya fi wancan ɓoyuwa. Likitocin soja a ko'ina sun san cewa sabon shiga da ya zo da sanyin jiki shi ya fi jin ciwo a horon farko. Ƙashin da ya yi wata biyu yana hutawa, ranar ɗaya aka ɗora masa gudun asuba da tafiyar ƙasa cikin but da jaka, tsagewa yake yi a hankali, a ƙwauri ko a tafin ƙafa, ba tare da an faɗi ba. Yaron da ya kwashe makonnin jira yana shan shayi a fada zai tsallake bizit lafiya, ya je ya kwanta a mako na uku. Don haka ya ajiye gasa, ya riƙe motsa jiki. Gudu da sassafe sau uku ko huɗu a mako, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Tafiyar ƙasa da ɗan kaya a baya. Atisayen ƙirji da ciki da cinya. Akwai ma wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 da hukumar FIFA ta fitar, ana kiran sa 11+, wanda bincike ya nuna yana rage raunin ƴan ƙwallo da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba ya buƙatar kayan aiki, kuma masu horar da ƙungiyoyin unguwa za su amfana da shi ko babu ɗan konkur a cikinsu.

In kuma za a yi lissafi, a yi shi duka. Uban da ya hana ɗansa ƙwallo ya miƙa masa makullin babur ya ce je ka yi kabu-kabu kafin a kira ku, ko ya bar shi yana tseren babur ranar biki babu hular kwano, bai rage komai ba. Ku leƙa sashen masu karaya a kowace babbar likita ku tambayi abin da ya kawo mutane. Haka zazzaɓin cizon sauro a tsakiyar damina: ya kayar da saurayi mako biyu kafin tafiya, ya tafi babu jini babu ƙarfi. Gidan sauro ma yana cikin shirin tafiya soja.

Sai magana mafi nauyi, wadda ba a son faɗa. In tsautsayi ya riga ya faɗa, kada a ɓoye. Mun san yadda ake yi: yaro ya gurɗe gwiwa, a ce kada a je likita kar a rubuta, a kira maɗori cikin dare ya ja ya ɗaure, a sayo ƙwayar kashe zafi a bakin titi, ranar bizit ya cije ya miƙe. Ba mu raina masu ɗori ba, sun yi wa al'umma aiki tun kaka da kakanni. Amma hannu ba ya ganin jijiyar da ke cikin gwiwa, kuma ƙashin da ya haɗe a karkace ya haɗe ke nan. A yi hoto tukuna, likita ya faɗi abin da ya gani. Wanda ya ɓoye ciwo ya shiga, horon ne zai tona shi, kuma a lokacin ciwon ya ninka. Ga shi an kama shi da ƙarya a aikin da aka gina kan amana. Gobe kuma in an tura shi daji, gwiwar da ya ɓoye ba shi kaɗai za ta cuta ba, har da abokan da za su tsaya ɗaukarsa. Rasa shekara ɗaya da gwiwa mai warkewa ya fi shiga bana a fito da gurguntaka.

Muna da magana da masu horarwa da shugabannin ƙungiyoyin unguwa da abokan fada. Ku ne kuke sa abin ya yi wa yaro wuya. "Matsoraci", "tun bai sa kaki ba ya fara girman kai", "wasa ɗaya ne kawai". Wanda ya ce wasa ɗaya ne kawai, shi zai biya tiyata? Kofin TGV ana sake sa wani baɗi. In da gaske ɗan unguwarku ne, ku ne ya kamata ku fara ce masa ya huta, ku ba shi aikin da zai riƙe shi a cikinku: ya jagoranci ɗumama jiki, ya zauna a benci yana ba da shawara, ya koya wa ƙaramin da zai gaje shi. Wannan ma jagoranci ne, kuma irinsa za a nema a wurinsa a bariki. Ranar da ya dawo da galo a kafaɗa, unguwar ce za ta yi alfahari.

Iyaye kuma, a bi a hankali. Saurayin da ƙasa ta yarda ta ba shi bindiga nan da ƴan watanni ba a yi masa tsawa kamar ɗan firamare. In aka hana shi da ƙarfi, zai ce zai je gidan aboki, a gan shi a fili da takalmin aro, kuma in ya ji ciwo tsoron uba zai sa ya ɓoye. A zaunar da shi, a buɗe kalanda, a ƙirga makonnin da suka rage tare da shi, a faɗa masa kwanakin warkewar kowane rauni, a tuna masa abin da aka kashe da abin da ake jira. Sannan a bar shi ya furta hukuncin da bakinsa. Auna haɗari kafin a jefa ƙafa shi ne rabin aikin hafsa, gara ya fara koyonsa a tabarmar gidansu.

Abin da muka faɗa wa dattijon ke nan da muka koma. Mun ce masa a kan wasan yana da gaskiya, a kan tsawar kuwa bai da ita, mai ɗakinsa kuma ta bar yaro ya yi gudunsa na asuba. Ya yi shiru yana jujjuya carbi, sannan ya ce: "To, bayan isha zan kira shi, in aika a kira mai horar da su, mu zauna mu uku. Saura mako biyar, bari shi ya ƙirga da kansa."

Allah ya tsare mana ɗiyanmu, na fili da na bariki, ya kai masu jiran kira lafiya.